Hedifon guda ɗaya don jin waƙa da buga gem, kuɗin kuma kaɗan ne: wanne zan ɗauka?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Hedifon ɗina ya gama aiki. Kunnen hagu sai na lanƙwasa igiyar na riƙe ta da yatsa sannan ya yi magana, fatar soson kuma ta fara marmashewa, duk inda na zauna sai na bar baƙin gari a wuyan riga. Na ɗan tara kuɗi amma ba su taka kara sun karya ba, guda ɗaya tal zan iya saye. Da rana ina jin waƙa ina aiki a kwamfuta, da dare kuma mu shiga Counter-Strike 2 ko Valorant da abokai, wani lokacin PUBG. Na ga wani an rubuta 7.1 ɓaro-ɓaro a kwalinsa, ga fitilu masu canza kala, ga makirfo a jiki, an ce kuma yana fitar da sauti daga 20Hz zuwa 20kHz. Shi zan saya, ko akwai abin da ban sani ba?

Dogo: Wa alaikumus salam. Fitila dai ba ta kiɗa, ƙanina. Kai da hedifon ke kanka ma ba ka ganin ta.

Kunnen Zomo: Wa alaikumus salam. Dogo ya riga ni, amma bari in ɗora. Wannan 20Hz zuwa 20kHz da ka gani ba yabo ba ne, iyakar abin da kunnen ɗan Adam mai lafiya yake ji ne, kuma kusan kowane kwali haka aka rubuta masa, daga na banza har na kirki. Bai gaya maka ko bes ɗin, wato sautin nan mai kauri, ya danne muryar mawaƙi ba, bai gaya maka ko siririn sautin yana soka maka kunne ba. Kamar a ce maka mota tana da taya huɗu ne.

Sai 7.1, wato wai za ka ji sauti kamar lasifika bakwai da ta bes ɗaya ne suka kewaye ka. Cire soson hedifon ɗin ka leƙa, lasifika ɗaya za ka gani a kowane ɓari. Biyu ke nan, kamar kunnenka. Sauran duk lissafi ne na manhaja. Yadda abin yake: idan an yi harbi a damanka, ƙarar tana riga isa kunnen dama da ɗan taƙin lokacin da bai kai milisakan ɗaya ba, kanka kuma yana kare wa kunnen hagu wani abu daga cikinta, lanƙwasar fatar kunnenka tana ɗan sauya launinta gwargwadon ta gaba ta zo ko ta baya ko ta sama. Da waɗannan ƙwaƙwalwa take gane wuri. Manhaja tana kwaikwayon wannan, shi ake kira HRTF. To gem ɗin da ka lissafa sun zo da nasu. CS:GO, wanda ya gabaci Counter-Strike 2, ya samu tun ƙarshen 2016, Valorant ya saka nasa a 2021. Ko babu ma, Windows tana da Windows Sonic kyauta. Don haka kada ka ba da kuɗinka don lambar da ke kwali.

Kafin kowa ya fara jero maka sunaye, amsa min uku. Kai kaɗai ne a ɗakin ko da wani? A me kake jona shi, laftof ko babbar kwamfuta? Kuma dole ne makirfo?

Sabon Shiga: Na gode Yaya. Ɗaki ɗaya muke da wana, shi kuma da wuri yake kwanciya saboda aikin safe. Babbar kwamfuta ce, ina jonawa a ramin gaba. Makirfo dole ne, don in ban yi magana ba 'yan tim ɗinmu ba sa ƙyale ni.

Ɗan Gem: To ai magana ta ƙare. Ku daina wahalar da yaro da karatu. Yana son makirfo, yana son ya yi wasa da dare, kuɗinsa kaɗan. HyperX Cloud II. Rufaffe ne, ƙarfe ne a jikinsa, makirfonsa ana cirewa a mayar, ka jona ka fara wasa. Shekara nawa ina kansa. Su Kunnen Zomo in ka biye musu sai ka sayi abu huɗu da igiyoyi kamar mai gyaran rediyo kafin ka ji takun mutum ɗaya.

Kunnen Zomo: Ɗan Gem, wannan ɗin da ka faɗa ba ni da faɗa da shi. Ka san abin da ya sa ya yi suna? Asalin jikinsa na hedifon ɗin jin kiɗa ne, Takstar Pro 80, aka sa masa makirfo da jan fenti. Wato hujjata ce ka kawo min da hannunka. Abin da nake gudu shi ne irin wanda Sabon Shiga ya kwatanta, wanda aka raba ɗan kuɗin ƙera shi tsakanin fitila da makirfo da kwali mai ƙyalli, abin da ya rage sannan aka sa a lasifika. Kyan ɗan maciji.

Kuma ko a Cloud II ɗin, gaya mana gaskiya, maɓallin 7.1 ɗin nan a kunne yake ko a kashe idan kana Valorant?

Ɗan Gem: A kashe yake. Amma ba shi ne maganar ba.

Dogo: Hahaha shi ne maganar mana.

Injiniya: Salam. Ni ina ga abin da ya kamata a fara warwarewa shi ne buɗaɗɗe ko rufaffe, don nan ne mafi yawan masu saye suke yin kuskure, ba a sunan kamfani ba.

Mai buɗaɗɗen baya yana da raga ko ƙananan huji a bayan lasifikar, iska tana shiga tana fita. Sautin ba ya dawowa ya daki kunne, sai ka ji kamar kiɗan ya fita daga cikin kanka ya bazu a ɗaki, ganga can, jita nan, murya a tsakiya. A gem ma yakan taimaka wajen ƙiyasta nisa. Kunne kuma ba ya gumi sosai. Ba sabon abu ba ne, Sennheiser ta fito da HD 414 tun 1968. A masu sauƙin kuɗi akwai Philips SHP9500, da rabin-buɗaɗɗu irin Samson SR850 da Superlux HD681. In aka ƙara kuɗi sosai akwai Sennheiser HD 560S, wanda ni a wurina ya yi fice wajen nuna inda sauti yake fitowa.

Amma ragar nan hanya biyu ce. Abin da kake ji na kusa da kai yana ji, abin da ke ɗakin kuma kai ma kana ji. Ƙarfe ɗayan dare, shiru ko'ina, gurneti ya tashi a cikin SHP9500, wanka da ke kwance taku uku daga kujerarka sai ya ji shi kamar ƙaramar rediyo. Sannan bes ɗin buɗaɗɗu masu araha ba ya sauka ƙasa can, wannan dukan da ake ji a ƙirji babu shi sosai.

Mai rufaffen baya akasin haka ne. Yana tare hayaniya, ba ya yoyon sauti sosai, bes ya fi nauyi, amma filin sautin ya fi ƙunci kuma kunne yana ɗaukar zafi. Tunda ka ce da wanka kuke kwana, ni ban ga hanyar buɗaɗɗe ba, duk yadda nake son sa. Ka duba AKG K361, ko Audio-Technica ATH-M40x, ko Cloud II ɗin da aka faɗa.

'Yar Fiyano: Sannunku da muhawara. Malam Injiniya ya yi bayani, amma akwai abin da kullum maza a zauren nan suke tsallakewa: kai da kunnen da za su ɗauki abin. Na taɓa sayen wani, ba sai na faɗi sunansa ba, kowa yabonsa yake, sautinsa kuwa ba laifi. Minti arba'in in na yi da shi sai in ji kamar an sa kaina a matsi, saman kunnena ya yi ja yana zugi, don soson bai da zurfi, kunnen yana gugar ragar ciki. Yau yana cikin durowa. Wanda nake sawa kullum bai kai shi sauti ba, amma ina yin awa biyar na manta yana kaina.

Sabon Shiga, kana sa tabarau? Ina tambaya ne don rufaffen hedifon da lulluɓe yake aiki. Da zarar ƙafar tabarau ta ɗaga soson ta bar 'yar kafa, bes ya zurare ta nan. Ka gwada: kana jin waƙa ka danna kofunan biyu da tafin hannu. In ka ji bes ya ƙaru sosai, to da ma yoyo yake.

Sannan soso iri biyu ne. Na fatar roba ya fi riƙe bes da tare ƙara, amma yana sa gumi kuma shi ne yake marmashewar nan da ka gani a wuyan rigarka. Na yadi mai laushi ya fi sanyi, ba ya ɓarewa, amma yana barin iska. Duk wanda za ka saya, ka tabbata ana cire soson a sa sabo.

Sabon Shiga: Ina sa tabarau kuwa, Anti. Wallahi yanzu na gwada da tsohon nawa, na danna, sai na ji kamar wani hedifon aka ba ni. Ashe shekara biyu rabin bes nake ji.

Dogo: Ni fa duk wannan bayanin, in hedifon bai girgiza min haƙora ba ban saya ba. Waƙa ba bes ai lacca ce.

Kunnen Zomo: Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Dogo, a waƙa ba wanda zai hana ka. Amma a gem na harbi bes mai yawa cuta ne. Sauti mai kauri yana binne siriri idan sun zo tare. Takun sawu, canza harsashi, ƙarar cire fil ɗin gurneti, duk a tsakiya zuwa sama suke zaune. In bam ya tashi hedifon ɗinka ya yi ta gurnani na sakan guda, a cikin sakan ɗin nan wani ya zagayo bayanka ba ka ji ba. Shi ya sa kake mutuwa kana cewa intanet ce.

Dogo: Intanet ce mana. Ka bar tone-tone.

Mai Nazari: Ni shawarata ya daure ya ƙara kuɗi ya sayi Beyerdynamic DT 770 Pro mai ohm 250. Rufaffe ne, na Jamus, ana amfani da shi a situdiyo. Ohm ɗin in ya fi yawa sauti ya fi tsafta.

Injiniya: Malam Mai Nazari, hedifon ɗin mai kyau ne, amma jimlarka ta ƙarshe a gyara ta. Ohm ba maki ba ne na jarrabawa. Awo ne na yadda lasifikar take tirje wa wutar da ake tura mata. Mai ohm da yawa yana buƙatar a tura masa wuta da ƙarfi kafin ya ɗaga murya. DT 770 Pro ɗin nan kala uku ake yin sa, 32 da 80 da 250, kuma an yi haka ne don na'urorin da za a jona shi sun bambanta. Ka ɗauki mai 250 ka soka a ramin gaban kwamfuta ko a waya, sau da yawa sai ka ƙure maɓallin ƙara kana jin sa can ƙasa-ƙasa ba kuzari. Daga nan a ce maka sayi amfilifaya, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi. Mutumin da ya ce kuɗinsa kaɗan ne ka ga an kai shi inda bai shirya ba.

Kuma ohm ba shi kaɗai ba ne, akwai awon yawan ƙarar da lasifikar take fitarwa gwargwadon wutar da aka ba ta, wanda ake rubutawa da dB. Wani mai ohm kaɗan ne amma mayen wuta ne. Sai dai a dunƙule, waɗanda aka lissafa masa ba su da wannan matsalar: K361 ohm 32 ne, M40x 35, SHP9500 32, Cloud II 60. Kowace kwamfuta za ta iya da su.

Abu ɗaya game da ramin gaba da ka ce kana amfani da shi. Siririyar igiya ce ta taso daga madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, ta ratsa cikin akwatin, ta wuce kusa da katin hoto da fankoki, tana kwasar ƙazantar wuta a hanya. In kana jin "ziiii" ko ƙara tana canzawa idan ka motsa linzamin kwamfuta, to daga nan ne. Gwada ramin baya, koren. In bai daina ba, ɗan abin nan na USB-C zuwa 3.5mm ya wadatar, yana da nasa na'urar sauya sauti a ciki. Na Apple ya yi suna a wannan, sai dai wanda ake sayarwa a Turai rabin ƙarfin na Amurka yake fitarwa, bolt 0.5 maimakon 1.

Sabon Shiga: Ikon Allah. Wannan "ziiii" ɗin na ɗauka hedifon ne ya lalace. Ina motsa linzami yana bin hannuna.

Baƙo Mai Leƙe: Ku yi haƙuri in sa baki, na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa rubutu ba. Me ya hana ya sayi na Bluetooth ya huta da igiya? Tunda ma igiya ce ta kashe masa na farko.

Ɗan Gem: A'a a'a. Nan kam ni da Kunnen Zomo jam'iyyarmu ɗaya. Bluetooth don waƙa lafiya lau. Don gem na harbi kuwa kashe kai ne. Sauti yana makara, sau da yawa milisakan 150 zuwa 200 ko fiye. Yi lissafi: in allonka yana nuna hoto 60 a sakan, kowane hoto kusan milisakan 17 ne, wato makarar 200 ta kai hoto 12. Ka ga wutar bindiga, sai daga baya ƙarar ta iso kamar tsawa. A bidiyo ba ka lura don manhajar tana jinkirta hoton ya jira sautin. Gem ba ya jiran kowa.

Na biyu ya fi ban haushi. Da zarar ka buɗe makirfon Bluetooth, sai ya sauka daga tsarin jin kiɗa ya koma tsarin kiran waya. Sautin ya dawo siriri, kunne biyu abu ɗaya suke faɗa, hagu da dama sun ɓace. In dole sai marar igiya, to mai ɗan makalli na USB da ke aiki a 2.4GHz, shi ba ya makara yadda za ka lura. Amma a ƙaramin kuɗi, batir da rediyon da ke ciki daga kason lasifika aka cire su.

Kunnen Zomo: A rubuta ranar nan, Ɗan Gem ya yi magana ban samu abin gyarawa ba.

'Yar Fiyano: To tunda ana sulhu, bari in jefo wata. Me ya sa ba wanda ya ambaci na cikin kunne? Ba irin iyafis ɗin da ake bayarwa kyauta da waya ba. Kamfanonin Sin sun canza kasuwar nan a 'yan shekarun nan. Moondrop Chu, 7Hz Salnotes Zero, Tangzu Wan'er, duk kuɗinsu bai kai rabin na rufaffun hedifon ɗin da ake lissafawa ba, kuma daidaiton sautinsu sai ka riƙe baki. Ba ruwansu da tabarau, ba gumi, ba ya yoyo ya tashi wansa, yana toshe hayaniya. Sauran kuɗin ya sayi makirfo mai kyau.

Ɗan Gem: Haba Anti, gem da iyafis? Sai ka ce mai jiran mota.

'Yar Fiyano: Ka kalli babbar gasar Counter-Strike ka zura ido a kunnen 'yan wasan. Za ka ga siririyar igiya ta fito ta ƙarƙashin babban hedifon ɗin. Sautin gem ta na cikin kunne yake zuwa musu, babban na sama don toshe ihun 'yan kallo ne da ɗaukar magana. Su ma masu jiran mota ne?

Dogo: Ɗan Gem, a kawo ruwa?

Injiniya: Gaskiyarta. Illarsu biyu ce dai. Filin sautin a cikin kai yake, bai kai na babban hedifon faɗi ba, duk da hagu da dama suna fita tsaf. Sannan wasu kunnensu ba ya jure abu a ciki na awanni, kuma in robar bakin ba ta zauna daidai ba bes ya tafi gaba ɗaya. Shi ya sa ake zubo robobi manya da ƙanana a kwalin, a gwada duka, wani ma kunnensa na hagu da na dama ba girmansu ɗaya ba.

Baba Mai Rediyo: Assalamu alaikum yarana. Ni ban san gem ba, jikokina ke yi. Amma na fi shekara talatin ina ɗaura abin nan a kaina wajen aikin naɗar murya, don haka ku ba ni minti biyu.

Na farko, ku dubi abin da ya daɗe. Koss Porta Pro tun 1984 ake yin sa, har yau bai canza kama ba. Sony MDR-7506 tun 1991, ku shiga ɗakin watsa shirye-shirye a ƙasashe da yawa za ku gan shi rataye. Ba fitila, ba lamba a kwali. Abin da ya riƙe su shi ne in soso ya mutu akwai soso, kuma mai gyara ya san cikinsu. Kai yaro da ka yi tambaya, ka ce igiya ce ta kashe naka. Lasifikar hedifon ba kasafai take mutuwa ba. Igiya ce, daidai inda take lanƙwasa a bakin fulogi, sai soso, sai maƙogwaron roba inda kofin yake juyawa. In ka samu wanda ake zare igiyarsa a sa wata, ka rage kashi ɗaya cikin ukun nan.

Na biyu shi ne ya sa na yi rubutu. Yanzu haka da nake muku magana akwai wani siririn fito a kunnena na dama, ba dare ba rana. Shekara goma sha yana nan, kuma ba ya tafiya. Ƙananan gashin da ke can cikin kunne masu karɓar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako, amma in ta kai 90 awa huɗu ne kacal a makon. Ku da kuke ƙure ƙara don ku ji takun abokin gaba, sannan bindiga ta fashe muku a wannan ƙarfin, ku yi wa kanku faɗa. In ka cire hedifon ka ji kunnenka yana ƙugi ko maganar mutane ta yi maka nisa, ka wuce gona da iri a ranar.

Sabon Shiga: Allah ya ƙara lafiya Baba, ya saka da alheri. Na ji wannan ƙugin ba sau ɗaya ba, ban ɗauke shi komai ba.

Mai Nazari: Allah ya ja kwana Baba. Wani abu kuma, duk wanda ka saya ka bar shi yana kiɗa awa ɗari kafin ka yanke masa hukunci, sai lasifikar ta saki jiki.

Kunnen Zomo: Zancen kanzon kurege. Kunnenka ne yake sabawa, ba lasifika ba. Sai kuma soso da yake laushi ya bi siffar kanka, wannan kam yana canza sauti. Awa ɗarin nan amfaninta ɗaya, ta cinye maka kwanakin da za ka iya mayar da kaya in bai yi maka ba.

Mai Nazari: Kai komai sai ka ƙaryata. Ni na ji da kunnena. Kai waye da za ka gaya min abin da na ji?

Kunnen Zomo: Ban ce ba ka ji ba. Na ce ba daga inda kake zato ya zo ba.

Shugaban Zaure: Malamai, a sassauta. Wannan gardamar mun yi ta sau uku a zauren nan ba a tashi da komai ba. Mai tambaya bai samu amsar makirfo ba har yanzu.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ga ta. Hanya uku ce. Ko ƙaramin makirfo mai maƙalewa a wuyan riga, shi ya fi araha kuma don magana da 'yan tim ya isa. Ko irin Antlion ModMic da ake mannawa a jikin kowane hedifon da maganaɗisu, amma shi kuɗinsa ya kusa na wani hedifon ɗin. Ko igiya mai makirfo a jiki irin V-Moda BoomPro, ka zare igiyar hedifon ka soka ta. Sai dai a kula, BoomPro ramin 3.5mm yake nema a jikin kofin. SHP9500 yana da shi, shi ya sa ake yawan haɗa su. M40x da K361 kuwa ramin 2.5mm ne mai murɗawa ya kulle, ba za ta shiga kai tsaye ba.

Sannan ka ƙirga zoben da ke bakin fulogi. Baƙin zobe biyu, sauti ne kawai. Zobe uku, sauti da makirfo ne a haɗe, irin na waya da laftof. Babbar kwamfuta rami biyu take da shi, kore na ji, ruwan hoda na magana. In naka mai zobe uku ne sai ka nemi 'yar igiya mai raba shi biyu, in ba haka ba za ka ji kowa, ba mai jin ka.

Kunnen Zomo: Ƙari ɗaya, kyauta ne. Akwai manhajar Equalizer APO a Windows, da ita kake rage ko ƙara kowane sashe na sauti. Akwai kuma AutoEq, inda aka tara awon hedifon masu ɗimbin yawa, ka nemi sunan naka ka ɗauko gyaransa. Ka yi saiti biyu, na waƙa mai ɗan nauyin bes, na gem ka rage ƙasan don taku ya fito ba sai ka ƙure ƙara ba. Da haka ka bi maganar Baba, ka kuma ba Dogo haƙƙinsa.

Dogo: Ni nawa saitin ɗaya ne, duka sama.

Sabon Shiga: Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na ari SHP9500 na wani abokina na kwana biyu don in ji abin da Malam Injiniya yake nufi. Gaskiya a waƙa ban taɓa jin irinsa ba, akwai wata waƙa da na fi shekara ina ji, sai ranar na san akwai mai tafi a can gefen hagu. Amma daren farko ƙarfe sha biyu da rabi filo ya sauka a ƙeyata. Wana ya ce ko in kashe yaƙin nan ko in fita da shi waje. Na mayar wa mai shi.

Na gwada na cikin kunne ma, Anti ki yi haƙuri, bayan awa ɗaya kunnena ƙaiƙayi yake. Ƙarshe K361 na ɗauka, da ƙaramin makirfo na wuyan riga. Ba nauyi, na koma ramin baya "ziiii" ta tafi, na kuma ɗaga ƙafar tabarau ta hau saman soso kamar yadda wani ya nuna min, bes ya zauna. Wana bai sake jifa ba.

Matsala ɗaya ta rage. A Valorant hagu da dama ina gane su sarai, amma gaba da baya sun cakuɗe, sautin kuma kamar a cikin rijiya. Jiya na juya na harbi bango, mutumin yana bayana.

Ɗan Gem: Da ka sayi Cloud II da yanzu... wasa nake. Danna alamar lasifika a ƙasan allo ka duba sautin sarari. Windows Sonic a kunne yake?

Sabon Shiga: A kunne yake. Tun ranar da Yaya Kunnen Zomo ya ambace shi na kunna. HRTF na cikin gem ɗin ma na kunna.

Kunnen Zomo: Laifina ne da ban ƙarasa ba. Ɗaya ake kunnawa, ba biyu ba, in ba haka ba an yi wa sautin lissafin kunne sau biyu. Kashe na Windows, bar na gem ɗin, ka tabbata fitar sautin tana kan sitiriyo, wato hagu da dama kawai. Shiga filin atisaye ka rufe ido ka sa abokinka ya zagaya ka da gudu, ka riƙa nuna inda yake.

Sabon Shiga: Na kashe. Bari in kira shi ya shigo mu gwada, in ya tashi daga barci.